Ranar da Duniya ta Leƙa Rumbun Malam Kallamu

Ku gyara zama. Wannan ba labarin zamanin da ba ne, na bara waccan ne, waɗanda aka yi a gabansu duk suna nan da ransu, wasu ma har yau ba su gama dariya ba.

A gefen hanyar Ɗambatta akwai wani ƙauye da ake kira Ɗinya Uku, inda gona ke jingine da gona, in ka yi tuntuɓe a gidanka maƙwabci ne zai ce maka sannu. Mutanen garin suna da ƙungiyar manoman wake. Shugabanta Malam Kallamu ne, Babarbare wanda kakanninsa suka zo daga gabas tun da daɗewa, har Barbarcin ya gudu daga bakinsu, sai tsagen fuska ya rage. Sakatariya kuwa Hajiya Amsa ce, tsohuwar malamar firamare, mace mai magana ɗaya.

Wata bazara aka turo musu ɗalibi daga wata makaranta a birni, sunansa Fa'izu. Hulɗa da jama'a yake karantawa, an aiko shi aikin sanin makama na wata huɗu. Ya sauko daga bas da baƙin gilashi a goshi, waya biyu a hannu, da wata doguwar sanda ta maƙala waya. A jakarsa akwai littafin rahoto, wanda in shugaban ƙungiya bai buga masa hatimi a shafin ƙarshe ba, to Fa'izu zai maimaita shekara, abokan karatunsa su wuce su bar shi.

Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Hajiya, kun yi sa'a. Mu ɗari da ashirin ne a aji, amma in dai maganar soshiyal midiya ce, malamai ma ni suke tambaya. Akwai wata akuya da na ɗora a Tiktok, mutum dubu hamsin suka kalle ta tana tuƙa."

"Akuyar wa?"

"Ta wani ce dai."

"To madalla," in ji Hajiya Amsa. "Mu buƙatarmu ɗaya ce. Wakenmu ba ma zuba masa maganin ƙwari, amma dillalai suna saye kamar kowane wake. Muna so manyan 'yan kasuwar Dawanau su san da mu, su zo nan da ƙafarsu. Ka yi mana wannan, Malam ya buga maka hatimi."

"Dawanau? Hajiya, kin raina ni. Wallahi sai Dubai ta san Ɗinya Uku."

"Fara da Dawanau tukuna, ɗan nan."

Washegari Fa'izu ya karɓi rajistar ƙungiya ya buɗe guruf a Wasaf. Ya zuba manoma, ya zuba matansu, ya zuba 'ya'yansu, ya bi gida-gida ya karɓo lambar surukai ya haɗa. Sannan ya aika saƙon murya: "Jama'a, kowa ya gabatar da kansa. Ka faɗi sunanka, da sunan maiɗakinka, da sunan ɗanka na fari."

To a Ɗinya Uku wa ke kama sunan ɗan fari? Mutum da surukinsa ko a masallaci ba sa tsayawa kafaɗa da kafaɗa, ga shi an cusa su ɗaki ɗaya an ce su yi surutu. Kafin azahar guruf ya watse kamar an jefa dutse cikin garken zabi. Lamba uku ta rage, biyu na Fa'izu ne, ɗaya ta Mati.

Shi Mati Bafulatani ne mai shanu huɗu da gonar wake, abokin wasan Malam Kallamu tun suna samari. Fa'izu ya same shi a gindin ɗinya ya kama hannunsa.

"Kawu Mati, kai kaɗai ka fahimci zamani a garin nan."

"A'a, ɗan birni, kar ka ɗora min. Ƙofar fita na rasa. Nuna min inda suka bi."

Hajiya Amsa ta kira Fa'izu ta ce ya bar wannan. Kullum da safe ya kira wani a Dawanau ya ji farashin wake, ya aika wa manoma da saƙon murya, shi ke nan. Fa'izu ya yi, yana ƙunƙuni, wai aikin mai shela ne, ba na wanda ya yi karatu ba. Amma abin ya karɓu. Dillali ya zo zai yi wa manomi wayo, sai manomi ya ciro waya ya kunna masa muryar Fa'izu. Tsofaffi suka fara amsa masa gaisuwa da fara'a. Da ya tsaya nan da ya ci riba, sai dai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ya ce ƙungiya ba ta da fuska, sai an yi fosta. Ya tsayar da Malam Kallamu a rana, ya ce ya yi murmushi, ya ɗauke shi. Sannan ya sa hoton a wata manhajar gyaran fuska. Manhaja ta share tsagen Barebarin nan tas, ta rine furfurar gemu, ta murje goshi, ta ƙara masa haske. Fa'izu ya watsa a Fesbuk da Wasaf.

Kafin la'asar waya ta ishi Hajiya Amsa. Wannan ya ce yaushe aka canja shugaba ba a faɗa musu ba. Wancan ya ce ashe Malam yana da babban ɗa a ɓoye. Mati kuwa takanas ya tako har ƙofar gida, yana riƙe da waya a sama.

"Salamu alaikum! Ina cigiyar bawana Kallamu. An ce ya ɓata, an ajiye wani ɗan fim a madadinsa."

"Bafillace, ka iya bakinka," in ji Malam Kallamu. "Kai da saniya har yau ba a san wa ke kiwon wani ba."

"Ni dai fuskata tana nan yadda na gada."

Malam Kallamu ya juya kan Fa'izu. "Yaro, tsagen nan kakata ce ta riƙe ni aka yi min shi. Shekara sittin da uku ina yawo da abina ban yar ba, kai ka zo ka ɗauke da ɗan yatsa?"

"Baba, ai haka manyan kamfanoni suke yi, don a ja hankalin..."

"Ka mayar min da fuskata kafin magariba."

Haka aka yi ta tafiya har wata huɗu ya kusa cika. Ranar wata Asabar Hajiya Amsa ta zaunar da Fa'izu ta ce, "Saura mako guda. Ɗan kasuwa ko ɗaya bai tako garin nan ba. Malam kuma ya ce hatiminsa ba na ado ba ne."

Fa'izu ya miƙe tsaye. Ya bugi ƙirji ya ce, "Hajiya, duk abin da na yi a baya ɗanɗano ne. Ranar Laraba zan yi shiri kai tsaye a Fesbuk. Mutum dubu goma za su kalla, in sun gaza haka ki canja min suna. A tara gari."

Ya je ya sami Malam Kallamu ya ce yana so a yi taron a masussuka, bayan gidansa, don rumbunsa ya fito a hoto.

"Bayansa dai," in ji Malam Kallamu. "Ka ɗauki bayan rumbu yadda kake so. Cikinsa kuwa ba naka ba ne."

A Ɗinya Uku ana leƙa rijiya, ana leƙa tukunya, amma ba a leƙa rumbun mutum. Ko matar gida ba ta san iyakar abin da ke ciki ba, maigida ne ke hawa ya auno mata. In ka tambayi manomi yaya amfani, ko rumbu goma ya cika sai ya ce, "To, an dai samu na kunu." Bazara doguwa ce, dangi da yawa, ga kuma bakin mutane. Fa'izu kuwa ɗan birni ne, abincin gidansu a kwano ake aunowa daga shago. A ganinsa rumbu babban tulu ne kawai da aka sa wa hula.

Ranar Laraba da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a inuwa, gari ya taru. Fa'izu ya sa farar riga mai guga, ya maƙala waya a sanda, ya gyara murya.

"Barkanku da warhaka, masu kallonmu a faɗin duniya!"

"Su nawa ne?" in ji Mati daga kan tabarma.

Fa'izu ya saci kallon wayar. "Bakwai. Suna tafe."

Malam Kallamu ya miƙe ya fara jawabi. Ya faro tarihin ƙungiya tun daga shekarar fari, ya bi sunayen waɗanda suka rasu ɗaya bayan ɗaya yana yi musu addu'a, jama'a na amin.

"Yanzu fa?" in ji Mati.

"Huɗu. Matsalar netwok ce."

"Ɗaya ni ne, ka cire ni. Hannuna ne ya taɓa."

Zufa ta keto wa Fa'izu. Ya ga hatimi yana tashi sama kamar shaho ya ɗauki ɗan tsako. Ana cikin haka aka zo aka raɗa wa Malam Kallamu cewa wakilin dagaci ya iso bakin titi, ya ce a ba shi minti biyar ya je ya taro shi. Yana ba da baya, idon Fa'izu ya sauka a kan tsanin da ke jingine da katanga.

"Masu kallo, kar ku tafi!" in ji shi. "Yanzu zan nuna muku abin da ido bai taɓa gani ba!"

Ya jawo tsani ya jingina da rumbu, ya fara hawa, sanda a hannu.

"Kai yaro, sauko!" in ji wani dattijo.

"A'a fa, ba kyau!" in ji wani.

Kowa ya ce a'a da baki, amma ko mutum ɗaya bai tashi daga tabarma ba. Shekara talatin ke nan ana son a san abin da ke cikin rumbun nan. A hankali hannuwa suka shiga aljihu, wayoyi suka fito, wanda bai iya ba ya matsa kusa da wanda ya iya. Hajiya Amsa ce kaɗai ta yunƙura, kafin ta lalubo takalmanta Fa'izu ya riga ya ture jinkar rumbu gefe ya zura sanda ciki.

"Arba'in!" in ji Fa'izu. "Ɗari da goma! Allahu akbar, ɗari uku! Jama'a ku gani da idonku, wake ne maƙil, saura ƙiris ya taɓo baki! Wannan rumbun shugabanmu ne, Malam Kallamu na Ɗinya Uku!"

Tabarmi suka ɗauki salati. Wani ya ce, "Kai! Mutumin da ya ce min bana ko na alale bai samu ba!"

A makaranta an koya wa Fa'izu cewa mai shiri kai tsaye ba ya ƙyale masu kallo, duk wanda ya yi rubutu a karanta. Saboda haka ya jawo wayar ya fara karantawa da ƙarfi.

"Wani daga Ungogo ya ce masha Allah. Mun gode! Wata mai suna Maman Muhsina ta ce... bari in gani... ta ce, 'Malam, ashe wannan ne ƙasan rumbun da muka kai tun azumi?' Maman Muhsina, mun gode da bibiya, daga wace ƙasa kike kallonmu?"

"Daga bayan katangar nan!" in ji wata murya daga cikin gida.

Aina'u ce, maiɗakin Malam Kallamu. Mati ya kwanta a tabarma yana shure-shure.

Daidai nan Malam Kallamu ya ɓullo tare da baƙonsa. Ya ga jinka a karkace, ya ga ɗan birni a bakin rumbunsa, ya ga gari duka an sunkuya a kan waya. Ya saki hannun baƙo.

"Innalillahi! Kai! Ɗan nan!"

"Baba, ɗari tara!" in ji Fa'izu. "Bari in ɗebo musu su ga ƙwayar!"

Ya miƙa hannu ciki, bai kai ba. Ya ƙara miƙawa, ya ɗaga ƙafa ɗaya. Tsani ya ce ni na tafi. Sai ji aka yi rif! Fa'izu ya shige da ka, ƙafafunsa biyu suka rage a waje suna harbin iska.

To yadda mutanen Ɗinya Uku ke ajiye wake ba tare da magani ba shi ne su cakuɗa shi da tokar murhu da dakakken barkono, sannan su yi masa lulluɓi da toka mai kauri a sama. Cikin wannan lulluɓin fuskar Fa'izu ta nutse. Wani farin hayaƙi ya tashi daga bakin rumbu. Waya kuwa tana hannunsa, tana kallonsa, duniya ma tana kallonsa.

"Atishoo! Masu kallo... atishoo! Ku taimaka... wayyo idona! Barkono ne! Atishoo! Inna!"

Waɗanda ke kan tabarma suka rasa wanne za su kalla, ƙafafun da ke sama ko fuskar da ke cikin waya. Sai da Hajiya Amsa ta daka tsawa sannan majiya ƙarfi biyu suka tayar da tsani suka jawo shi ta ƙafa, takalmi ɗaya ya zauna a ciki. Ya sauko fari fat tun daga gashi har cibiya, ido jajir, hanci na zuba, ƙwayar wake a kunne. Ya cusa wayar a aljihun gaban riga ya durƙusa yana tari.

"Kallamu," in ji Mati yana share hawaye, "ka ga alhaki. Ya goge maka fuska, rumbunka ya goge masa tasa."

Ana cikin haka sai ƙarar adaidaita sahu ta karyo kwana. Ƙauyukan wajen nan kusa suke da juna, labari kuwa ya riga kowa gudu. Wadda ta fara saukowa yayar Malam Kallamu ce, Hure, daga ƙauyen gaba, da buhu biyu a naɗe a hammata.

"Kallamu."

"Yaya, sannu da zuwa. Da rana haka?"

"Ba kai ka ce min bana ko na ƙosai ba ka samu ba?"

"Yaya, ai wannan na iri ne."

"Irin da za ka shuka daga nan har Maiduguri? Hau ka auno."

Bayanta ga ɗan ƙaninsa a kan babur, ga wata gwaggo da rabon da a gan ta tun sunan Muhsina, ga wasu mutum biyu da suka ce kakarsu da kakarsa nono ɗaya suka sha. Kowa da buhunsa, kowa da waya a hannu a matsayin shaida. Ɗan uwa kuwa in ya ga abu da idonsa ba a ce masa babu. Malam Kallamu ya hau tsani da kansa yana aunowa, yana murmushin da ya fi kuka ciwo. Ya ce a kawo masa ɗan birni ya riƙe bakin buhu. Fa'izu ya riƙe, kowane kwano aka juye sai toka ta tashi ya yi atishawa, layi ya ce masa yarhamukallahu.

Ana kan buhu na shida wayar Hajiya Amsa ta yi ƙara. Ta koma gefe, ta daɗe tana "Na'am, Hajiya. Ƙwarai, Hajiya." Da ta dawo sai ta ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Wata Hajiya Rahmatu ce, mai sayen wake a Dawanau. Ta ce ta sha jin masu cewa wakensu ba magani, ba ta taɓa yarda ba sai yau. Ta ce da magani ne da yaron nan ya suma, amma wannan atishawar ta barkono ce tsantsa, ba a iya ƙirƙirar ta. Jibi za ta turo mota, duk mai sayarwa a ƙungiya ya shirya."

Wuri ya kaure da sowa. Fa'izu ya saki bakin buhu ya miƙe, toka na zuba daga girarsa.

"Kun gani? Hajiya, na faɗa miki ko ban faɗa miki ba? Dama tsarin ke nan!"

"Riƙe buhu," in ji Hure.

Dattawan ƙungiya suka kewaye Malam Kallamu, suka ce alƙawari kaya ne, ɗan kasuwa aka ce, ga shi an samu. Malam Kallamu ya dubi rumbunsa da ya faɗa, ya dubi layin da bai ƙare ba, ya daɗe yana taɓa gemu. Can ya sauko, ya ce Fa'izu ya ɗauko littafinsa. Ya ja shi bayan ɗinya inda ba kowa, ya ciro hatimi daga aljihun 'yar ciki, ya hura masa iska, ya danna a shafin ƙarshe da ƙarfin da ya kusa huda takardar. Sannan ya kamo kunnen Fa'izu ya matso da bakinsa, ya yi ƙasa da murya.

"Ba don ka iya na buga ba. Na buga ne don ka bar garin nan yau, yau ɗin nan, kafin ka gano bukkar fadama, wadda kowa ke zaton harawa ce a ciki."

Ko kunnen bai kai ga saki ba. Sai daga layin masu buhu, da kan tabarmi, da can cikin gida bayan katanga, wayoyi talatin suka yi raɗa da murya ɗaya: "...kafin ka gano bukkar fadama, wadda kowa ke zaton harawa ce a ciki."

Fa'izu ya sunkuya ya dubi aljihunsa. Kan wayar ya leƙo waje, ɗan jan ɗigon nan yana ta ƙyaftawa. Mutum dubu goma sha ɗaya.

"Direba!" in ji Hure. "Koma gida ka ce a ba ka sauran buhunan!"

Malam Kallamu ya sunkuya a hankali ya zare takalminsa. Fa'izu bai tsaya ganin ko na wace ƙafa ba ne. Ya rungume littafi a ƙirji ya yanki gona, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, toka na bin sa kamar hayaƙin tsohuwar mota. Ya tsallake kunya, ya tsallake tunkiya, ya faɗa bas ɗin Kano tana cikin tafiya.

Da numfashinsa ya dawo, sai ya ga na kusa da shi ya ƙura wa waya ido yana ƙyaƙyata dariya, ga ƙafafu biyu suna harbin iska a bakin rumbu. Fa'izu ya kakkaɓe kafaɗa, ya taɓa mutumin.

"Malam, ka ga wannan shirin? Ni na tsara shi. Har faɗawar."

Nan muka rabu da shi, don ya fi labarin gudu.